Jakar Manjo da Muciyar Bariatu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙofata tana kallon ƙofar Bariatu, a hawa na uku na wani dogon gidan haya a Hyattsville, kuma ban taɓa ganin ɗan Adam ya fito daga ɗakin matar nan hannu rabbana ba. Mai gyaran famfo ya shiga da sufana, ya fito da sufana da ƙosai. Wata Baturiya mai wa'azin coci ta ƙwanƙwasa don ta ba ta 'yar takarda, ta koma da kwanon shinkafa da wake har da dafaffen ƙwai biyu, wa'azin ma ba ta samu ta yi ba. Ni Kaltume, da taku huɗu ke kai ni ɗakina, sai ta ɗaura mini wani abu a leda ta ce saboda hanya.

Ciwon ya samo asali tun Zangon Kumasi. Ubanta direban babbar mota ne mai kai goro arewa, ita kuma tun tana 'yar shekara bakwai aka ɗora mata ɗaurin guzurinsa. Wata rana mutumin ya dawo, yana cire takalmi, ya ce garin rogon ya ƙare masa a Tamale. Ba faɗa ya yi ba, labari ne kawai. Ya rasu shekara arba'in da suka wuce, Allah Ya jiƙansa, amma har yau in aka ambaci Tamale gaban Bariatu sai ta ajiye cokali.

Ta auri Zulkifilu, suka zo ƙasar nan, shi yana jan tasi a Washington har Allah Ya karɓi abinsa, ita kuma ta yi shekara ashirin da huɗu a wani gidan kula da tsofaffi a Wheaton. Sau uku ana kiranta ofis. Na ƙarshen, ƙuli-ƙuli aka samu ƙarƙashin matashin wani tsoho da ba shi da haƙori ko ɗaya. Ta ce musu tsotsa yake yi.

Ɗanta ɗaya tilo, Abdul-Gafaru. Ni na faɗi sunan, don ita ba za ta faɗa ba, ɗan fari ne. Da can "yaron nan" take ce masa. Da ya gama karatu ya koma "Likita". Da soja suka ƙara masa girma sai ta samu sauƙi, ya zama "Manjo", har a cikin addu'a. Likitan soja ne, irin waɗanda ake kai wa mutum jina-jina a guje. Sun kai shi Texas, sun kai shi Jamus, sun kai shi wata ƙasar Larabawa da ba ya son a faɗi sunanta, kuma duk inda ya je kwalin uwarsa na bin sa kamar sammaci. Ita ta ba ni labari cewa yana yaro ko ciyawa ba ya takawa. Ranar Idi in aka shimfiɗa tabarma a fili, tsaye yake yi yana duba ko akwai tururuwa.

To wannan yaron ne bara ya zo da matarsa Farhana da 'yan matansu biyu, ran Lahadi da rana, muna tsakiyar cin tuwo, ya ce yana da albishir.

"Mma, an ɗauke ni ƙarin karatu na shekara ɗaya. Nan kusa ne, mun ma kama gida a Manassas."

"Alhamdu lillahi. Wane karatu kuma ya rage ba ka yi ba, Manjo?"

"Aikin likita a daji. Inda babu asibiti, babu wutar lantarki, babu hanyar mota. Kan dutse, cikin ƙanƙara, bakin kogi. Mutum ya karye, ko maciji ya sare shi, ko sanyi ya kama shi, ba ka da komai sai abin da ke bayanka."

Bariatu ta dube ni. Ni ma na dube ta.

Na ce, "Manjo, shekara nawa ka yi a lakwal kana karatu?"

"In an haɗa duka, ashirin da biyar, Goggo."

"To, can ƙauyenmu bayan Maradi akwai wani maɗori. Bai taɓa riƙe alƙalami ba. Da karan dawa da tsumma yake ɗaure ƙafa, a ba shi zakara ya tafi. Kai shekara ashirin da biyar ka yi don ka iso inda ya fara?"

Ya yi dariya, don yaron ba shi da saurin fushi. Ya ture kwano gefe ya yi mana bayani yadda ake yi wa marasa lafiya. Ya ce masu irin girmansa a soja sun fi ɗari, duk likitoci, duk takardunsu iri ɗaya. In manya suka zauna rabon girma da wuraren aiki, wanda ke da wani abu daban shi suke gani. Sannan ya faɗi abin da ya sa uwarsa ta miƙe zaune. Ya ce akwai kujera ɗaya ta koyarwa a makarantar likitocin soja da ke nan yankin, rabin awa a mota daga ƙofarta. Mai kujerar zai yi ritaya, kuma wanda ya yi wannan karatun daji ake so ya gaje shi. In ya samu, shekara huɗu ba inda za a kai shi. In bai samu ba, sai inda soja suka jefa shi.

"Shekara huɗu," in ji Bariatu. "Kowace Juma'a yaran nan suna nan?"

"Kowace Juma'a, Mma."

"To je ka dajin. Allah Ya tsare."

Daga ranar ta fara ƙirga Juma'o'i a kan kalandar masallaci. Abin da ba ta sani ba, karatun nan gaba yake yi da abu ɗaya da ta iya a duniya.

Domin malaman dajin nan addininsu nauyi ne. Komai sai an auna. Manjo ya sayi ɗan sikeli, ya yanke rabin mariƙin buroshin haƙorinsa, ya cire takardar da ke jikin rigarsa don ta yi masa nauyi. Farhana ta ce yana kwana a tsakar gida a cikin wani buhu mai zif, ga gado a ɗaki, maƙwabta na leƙe ta taga suna zaton faɗa suka yi. Abincinsa kuma wani gari ne a leda, a zuba ruwan zafi ya kumbura. Ya kawo mana ɗaya mu ɗanɗana. Bariatu ta sa a baki, ta tauna, ta tashi ta shiga banɗaki ta yi kuka. Ni na cinye nawa don in san abin da zan faɗa, kuma abin da zan faɗa shi ne na taɓa cin dusa lokacin yunwa, ta fi shi.

Duk tafiyar da zai yi sai ya biyo neman addu'a, kuma duk zuwan sai an yi ja-in-ja a bakin ƙofa.

"Ɗan kilishi ne kawai."

"Mma, an auna jakar."

"Wa ya auna cikinka?"

"Mma, don Allah."

Ya tafi Colorado ba guzuri. Ya tafi wani rafi a West Virginia ba guzuri. Matar da ta ciyar da mai wa'azin coci, ga ɗan cikinta yana fita daga ɗakinta hannu sake, sau bakwai a shekara ɗaya. Ta rame. Ta fara ba mai kawo wasiƙu kwano biyu.

Bayan ƙaramar Sallah aka zo jarrabawar ƙarshe. Kwana uku a kan duwatsu, kowa da jakarsa, kuma shugabar karatun da kanta, wata Kanar Constance, za ta bi su da takarda tana rubuta abin da kowa ya yi. Rahoton da za ta rubuta shi manya za su duba wajen ba da kujerar. Su biyu ke nemanta, Manjo da wani abokin karatunsa, Dakta Jang.

Ran Alhamis da hantsi ya iso, ya jingina jakar a bayan ƙofa, wata koriya mai tsawon ɗan shekara goma.

"Kilo goma sha takwas cif," ya ce. "Na duba ta sau uku. Mma, kada a taɓa."

"Wa zai taɓa maka?"

Na ga idonta. Na san idon. Ni dai ba na shiga abin da ba ruwana, sai dai in abin zai lalace in babu ni. Na ce, "Manjo, Malam Moussa na hawa na ɗaya yana ta kukan jiri tun jiya. Sauka ka auna masa jini kafin ka wuce, lada ne." Malam Moussa ɗan ƙasarmu ne, tsohon direba, kuma gaisuwarsa kaɗai tana cin minti ashirin, don sai ya tambayi lafiyar motarka.

Ƙofa na rufuwa Bariatu ta jawo kayan da ta ɓoye bayan kujera za ta fara cusawa. Na riƙe hannunta.

"Ke ba ki da wayo. Yana ɗagawa zai ji. Abin da za ki sa, sai kin cire kwatankwacinsa."

"Yaya Kaltume, ba ni da sikeli."

"Shekara talatin ina sayar da gero a kasuwar Maradi. Ga sikeli nan." Na nuna mata hannuna.

Muka buɗe. Magunguna da allurai ba mu taɓa ba, mu ba mahaukata ba ne. Amma sauran, Allah Ya sani, tarkace ne. Akwai igiya, nannaɗe, ta kai kilo biyu. Na ce akuya zai ɗaure? Muka cire. Akwai wani abu mai launin ruwan lemo, a naɗe kamar 'yar tabarmar wasan yara. Muka cire. Akwai takarda mai ƙyalli irin wadda ake gasa kifi a ciki, an ninke ta ƙanana. Bariatu ta ce ga abin gashi amma babu kifin, ka ji shirme. Muka cire. Akwai tsummoki masu kusurwa uku, da wata raga mai madauri, da ledojin garin nan guda tara. Su ne muka fara jefawa ƙarƙashin gado.

A madadinsu muka sa kwalbar shito, wato yajin nan baƙi na mutanen Ghana da ake soyawa da mai da busasshen kifi. Muka sa garin rogo, da sukari, da madarar gari, da kilishi, da dabino, da man kaɗanya. Bariatu ta kawo zannuwa biyu na atamfa da majanyi ɗaya, ta ce dutse akwai sanyi. Na ɗaga da hannun dama, na ɗaga abin da muka cire da hagu, na ce saura kaɗan. Sai ta shiga kicin ta fito da muciyarta, wadda ta zo da ita daga Kumasi, ta ce ai in zai tuƙa garin ba da yatsa zai tuƙa ba. Muka soka ta a tsakiya, muka mayar da rigunansa a sama yadda muka same su.

Ya dawo yana share gumi, ya ce jinin Malam Moussa ya fi nasa kyau. Ya durƙusa, uwarsa ta yi masa addu'a, ya saɓa jakar. Ya ɗan tsaya, ya girgiza kafaɗa. Sai ya ce, "Sai na dawo," ya fita.

A ranar Bariatu ta ci abinci kwano biyu.

Ran Lahadi bayan la'asar ya dawo. Ina ɗakin. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi barcinta, ya juyo ya gaishe ni, ya tambayi jikokina ɗaya bayan ɗaya. Yaron da tarbiyya. Sai da ya gama duka sannan ya zuge jakar, ya zaro muciya, ya ajiye a kan tebur. An ɗaure ta da yagaggiyar atamfa, duk laka.

"Mma, ina igiyata?"

"Ka ci abinci tukuna."

"Goggo, ina igiyata?"

"Ni baƙuwa ce a ɗakin nan," na ce.

Bai ɗaga murya ba. Ya ciro waya ya kunna mana hoton da Dakta Jang ya ɗauka, yana yi mana bayani.

Ranar farko da azahar aka kira shi. An kwantar da wani ƙaton Saje a gindin gangare, an shafa masa jan fenti, an ce ƙafarsa ta karye, sanyi ya kama shi har ya suma, kuma sai an fitar da shi zuwa inda mota ke iya zuwa. Kanar Constance na tsaye da takardarta da agogo. A hoton mun ga Manjo ya durƙusa da saurinsa, ya zuge jaka, ya zura hannu neman abin ɗaure karaya. Ashe 'yar tabarmar nan ruwan lemo ita ce. Ya fito da kilishi. Ya sake zurawa neman bargon da ke tsare ɗumin jiki. Ashe takardar gashin kifi ita ce. Ya fito da kwalbar shito. Ya sake zurawa. Muciya.

Ya daɗe yana kallon muciyar nan. Har Sajen da aka ce ya suma ya buɗe ido ɗaya.

"A nan," in ji Manjo, "na tuna maɗorin ƙauyenku, Goggo."

Ya yaga zane ɗaya gida shida. Ya jera muciya a gefen ƙafar, ya samo reshe ya sa a ɗaya gefen, ya ɗaure tam. Ya shafe hannuwan Saje da fuskarsa da man kaɗanya, ya naɗe shi da ɗaya zanen, mai zanen kaji ja da rawaya, har ka. Ya jiƙa gari da sukari da madara a kofi ya ba shi. Saje ya sha, ya miƙo kofin a ƙara. Kanar ta ce masa wanda ya suma ba ya neman ƙari.

Saura ɗauka. Ragar nan mai madauri da muka jefa ƙarƙashin gado, da ita da igiya ake jan mutum. Babu su. Sai muka ga Manjo ya sunkuya, ya ce wa Saje ya hau bayansa, ya warware zanen ya yafa a kansu su biyu, ya ɗaure a ƙirji, ya kawo majanyi ya tamke a ƙugu. Goyo. Manjon sojan Amurka ya goya ƙato mai gemu, kansa na leƙowa ta kafaɗa, ƙafa ɗaya a miƙe da muciya, suna hawan gangare. Hoton yana ta rawa, don mai ɗauka dariya yake yi.

Bariatu ta matso da fuskarta kusa da wayar. "Majanyin ya yi ƙasa," ta ce. "Ka ga kansa na lilo."

"Mma."

"Gaskiya ce. Amma ɗaurin ƙirjin ya yi."

Bai ƙare nan ba. A dajin nan akwai wata dabba da suke kira beya, kamar kura ce da ta ƙoshi ta yafa baƙin bargo. Saboda ita ake rataye abinci can saman itace da igiya. To igiyar tana Hyattsville. Washegari da safe suna haɗa shayi sai ga ta ta biyo ƙanshin kilishi. Kowa ya ja da baya yadda aka koya musu. Ta cinye kilishin, ta fasa kwalbar shito, ta lashe rabi. Manjo ya ce ta tsaya cik kamar mai tunanin iyayenta, sannan ta juya. Sun yi ta jin atishawarta har ta haye dutse, kuma ba su ƙara ganin ko sawunta ba.

"Ba ta saba ba ne," in ji Bariatu. "Da shinkafa ake ci."

Ni ce na yi tambayar da ta kamata. "Kanar ɗin me ta ce?"

"Ta tambaye ni wa ya shirya jakar."

"Ka ce?"

"In ce me, Goggo? In tona asirin uwata a gaban Kanar? Na ce ni ne."

Bariatu ta jawo kalandar masallaci ta zuba mata ido. Sai a lokacin ta gane abin da ta taɓa. Sati uku ba ta soya ƙosai ba, kullum tana kan sallaya tana roƙon kada muciyarta ta kayar da yaron.

Bai faɗi ba. Da ma ya faɗi.

Farhana ce ta kawo takardar, ta karanta ta juya mana da Hausarta mai ɗingishi. Kanar ta rubuta cewa a shekarunta na koyarwa ba ta taɓa ganin likitan da ya bar kayan aikinsa a gida da gangan, ranar jarrabawa, don ya nuna abin da hannu da kai za su iya ba. Ta ce irin wannan likita, ɓarna ce a zaunar da shi a aji. Manya suka karanta, suka yarda. Suka ƙara masa girma zuwa Laftanar Kanar, suka ba shi shugabancin horar da ma'aikatan jinyar soja a Alaska, shekara uku. Kujerar nan ta rabin awa kuwa aka ba Dakta Jang, wanda ya buɗe jakarsa ya samu abin da ya zuba.

"Alaska ta wajen Baltimore ce?" in ji Bariatu.

Farhana ta nuna mata a waya. Ta yi ta jan hoton da yatsa, tana ja, tana ja, har ƙasar ta ƙare, sannan ta hau sama.

Da Farhana ta tafi Bariatu ta juyo kaina. "Ke kika ce a cire igiya."

"Ke kika kawo muciya. Da ba muciya da ya tsaya yana kallon Saje, a ba shi maki kaɗan, a zaunar da shi a aji kusa da ke. Ke kika yi masa guzurin da ya fi ƙarfin kujerar."

Kwana biyu ba ta gaishe ni ba. Ran na uku ta aiko mini da koko, ba sukari.

Amma Bariatu ba ta saduda ba. Ranar bikin gama karatun ta ci ado, ta ja ni muka tafi, wai za ta gyara abin da ta ɓata. Ana gama tafi ta nufi Kanar Constance, wata doguwa mai furfura, ta tare ta a gaban teburin lemo. Turancin gidan tsofaffi ne a bakinta, mai ƙarfi, irin na ba da magani. Ni ban ji ba, Farhana ce ke raɗa mini. Ta ce wa Kanar ɗanta ba gwani ba ne. Ta ce ita da wannan tsohuwar suka sauya kayan, shi bai ma sani ba. Ta ce yaro ne mai tsoron tururuwa, ko jakarsa bai iya tsarewa ba, a taimaka a rage masa maki a bar shi a aji inda ba zai cuci kowa ba. Manjo na tsaye a gefe da sabuwar alamarsa a kafaɗa, yana kallon silin.

Kanar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta tambaya, wato bai san abin da ke cikin jakar ba sai da ya buɗe a gaban majinyaci? Bariatu ta ce ko kaɗan. Kanar ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce to wannan ya fi abin da ta rubuta, da ta sani da ta ƙara shafi. Ta tafi da kwalbar shito a jakarta, don Bariatu ko a cikin baƙin ciki ba ta zuwa wuri hannu sake.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Wheaton. Sai Bariatu ta ce, "Gidan da za su ba ku can, ɗaki nawa ne?"

"Huɗu, Mma."

"Ku huɗu ne, yara kuma ɗaki ɗaya suke kwana."

Manjo ya dubi Farhana. Farhana ta dubi titi, sannan ta ce ai da ma tana tunanin wa zai riƙe mata yaran in ta koma aiki.

"To shi ke nan," in ji Bariatu. "Tun da ba za a kawo mini Juma'a ba, ni zan je inda take."

Wata biyu tana shiri. Jirgi ya ce akwati biyu, kowane kilo ashirin da uku. Ta cika su da abin da mutum ke buƙata a ƙasar ƙanƙara, a ganinta: ɗan turminta na Kumasi da taɓaryarsa, dutsen niƙa, tukunyar ƙarfe, daddawa, kuka, kanwa. Kayan sanyinta kuwa suwaita ɗaya ce da ta saya tun zamanin Zulkifilu. Manjo ya kawo mata wata riga mai kama da katifa da takalma kamar na masu zuwa duniyar wata, ta ce ba wuri.

Ranar tafiya da safe ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jikokina ɗaya bayan ɗaya.

"Goggo, sikelin nan naki yana aiki har yanzu?"

Na dubi hannuna. "Bai taɓa kuskure ba."

"Mma ba ta yi sallama da Malam Moussa ba."

"Bai kamata ta tafi ba ta yi ba," na ce. "Maƙwabtaka ta shekara da shekaru."

Minti ashirin da biyar ta yi a hawa na ɗaya. Da ta dawo ta ɗaga akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce madalla, ta rungume ni, ta ɗaura mini ragowar ƙosai saboda hanya.

Bayan kwana biyu wayata ta yi ƙara. Ko sallama ba ta gama ba.

"Yaya Kaltume, ina turmina?"

"Kin sauka lafiya? Ya yaran?"

"Na buɗe akwati na ga katifa mai hannu. Ina turmina?"

"Rigar ta yi miki?"

Na ji iska na kuka ta bayanta. Can ta ce rigar ba laifi, tana ma jikinta yanzu. Ta ce muciyar dai ta gan ta, an bar mata. Na ce ai ba ta da nauyi, kuma ba a san wanda zai karye ba.

Yanzu wata biyar ke nan. Tana kira duk Juma'a, yaran na ihu a bayanta. Ta ce rana can ba ta da tarbiyya, wani lokaci ta ƙi faɗuwa, wani lokaci ta ƙi fitowa. Ta ce sojojin da Manjo ke koyarwa sun gano gidan, kuma ba wanda ke fita hawan ƙanƙara sai ya biyo ta ƙofar kicin, shi kuma ya gaji ya daina auna jakunkunansu. Har yanzu Manjo take ce masa, wai sabon girman ya yi mata tsawo a baki.

Kafin ta kashe waya sai ta tambayi turmi. Ina gaya mata yana nan lafiya, ina kula da shi. Ba ƙarya nake yi ba. Itacen Kumasi ne, bakinsa da faɗi, kuma maƙwabcin da ke ƙasa da ni ya riga ya kai ƙarata sau biyu saboda daka.